'Yan Mazan Jiya na Garinmu da Dogon Jiran Haƙƙinsu

  

Duk wanda ya yi makarantar firamare a garinmu a shekarun 1960 da 1970 ba zai manta da dattijon nan maigadin makaranta ba, mai ɗingishi da ƙafar hagu, wanda yake koya mana maci idan ranar bikin 'yancin kai ta gabato. Muna yara, abin dariya muka ɗauke shi. Idan damina ta faɗi aka yi tsawa mai ƙarfi sai mu gan shi ya zube ƙasa ya rufe kai da hannuwa, mu kuwa mu yi ta ƙyalƙyala dariya muna cewa iskokin Bama sun motsa. Sai da muka gama kwalejin horon malamai muka dawo koyarwa a wannan makaranta, sa'an nan wata rana da la'asar ya zo mana da wani gwangwanin taba da ya yi tsatsa, ya buɗe, ya fito da ɗan littafi naɗe cikin tsumma. Littafin sallamarsa ne daga aikin soja. Ya roƙe mu mu rubuta masa wasiƙa zuwa ga hukuma, domin ƙafar ta fara hana shi aiki, kuma tun da ya dawo daga yaƙi bai taɓa karɓar ko kwabo a kanta ba. Mun rubuta. Mun sake rubutawa. Har Allah Ya karɓi abinSa amsa ba ta zo ba. Allah Ya jiƙansa, Ya yafe mana dariyar ƙuruciya.

Tun daga ranar muke son mu san yadda aka yi mutum ya ba da ƙafarsa a yaƙin Sarkin Ingila, amma ya ƙare da gadin makaranta a kan albashin En'e.

Turawan mulkin mallaka sun kafa rundunarsu ta Afirka ta Yamma tun 1897 a ƙarƙashin Lugga, wadda daga baya ake taƙaita sunanta da RWAFF. Tun farkonta mutanen Arewa suka yi yawa a cikinta, har Hausa ta zama harshen bariki, ta yadda Baturen hafsa ma sai ya koye ta kafin ya iya sarrafa mutanensa. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke a 1939 sai bukatar soja ta ƙaru ƙwarai. Aka bi ta hannun sarakuna da hakimai da dagatai aka yi ta ɗibar samari. Wasu sun tafi don son kaki da sulen da ake ba farabiti a rana, wasu don gudun haraji ko wata rigima ta gida, wasu kuwa dagaci ne kawai ya nuna su da yatsa. Kafin yaƙin ya ƙare 'yan Nijeriya fiye da 100,000 sun sa kaki. Da fari an kai su Gabashin Afirka, inda suka kori Italiyawa daga Mogadishu har zuwa Harar ta ƙasar Habasha a 1941. A 1943 aka kafa Runduna ta 81 da ta 82, aka zuba su a jiragen ruwa zuwa Indiya, daga can zuwa dazuzzukan Bama don su fuskanci sojojin Japan. Sarkin Katsina Usman Nagogo ya kai musu ziyara har can a 1944. Ku da kuke zaune a Legas da Abuja da Zariya kuna wuce sunayen wannan tarihi kullum ba tare da kun lura ba: barikin Dodan, da na Arakan, da na Myohaung, da na Mogadishu, da na Chindit, duk sunaye ne da aka ɗauko daga waɗannan yaƙe-yaƙe.

Abin da ya kamata mu tsaya a kansa shi ne irin lahanin da suka dawo da shi. Dajin Bama ba shi da hanyar mota, saboda haka an ɗebi dubban mutanenmu a matsayin 'yan dako, suna ɗauke da harsasai da abinci da sassan igwa a ka, suna hawan duwatsu cikin ruwan sama na wata da watanni, yawancinsu ko bindiga ba a ba su ba. Zazzaɓin cizon sauro da atini da gyambo sun kwantar da mutane fiye da yadda harsashi ya kwantar. Wanda ya rasa hannu ko ido, kowa yana ganin naƙasarsa. Amma wanda ya dawo da ciwon baya, ko tari mai cin ƙirji, ko kunnen da ƙarar igwa ta toshe, ko firgicin da ke tashinsa tsakar dare, wannan sai ya kawo hujja. A nan gizo ke saƙar.

Tsarin Ingilishi na fanshon naƙasa yana tsaye ne a kan tambayoyi biyu. Ta farko: shin aikin soja ne ya jawo wannan lahani, ko kuwa ya tsananta shi? Ta biyu: kashi nawa cikin ɗari na lafiyar mutum ya tafi? Kwamitin likitoci ne ke zama ya duba soja ya yanka masa kaso, kuma a tsarinsu wanda bai kai kashi 20 ba, kuɗi ake ba shi dunƙule sau ɗaya a sallame shi, ba ya shiga layin fansho. A can Ingila jama'a sun yi ta ƙorafi a kan yadda ake hana sojojinsu, har a 1943 aka yi dokar kotunan ɗaukaka ƙara a kan fanshon yaƙi, aka kuma sauke wa soja nauyin kawo hujja aka ɗora wa gwamnati. Wato idan an ɗauke ka da lafiya ka fito da ciwo, hukuma ce za ta tabbatar cewa ba aikinta ne ya lahanta ka ba, kuma idan akwai kokwanto kai ke cin moriyarsa. Adalci ne mai kyau, amma don 'ya'yan gida aka yi shi. Sojan da aka ɗauka a ƙasar Kano ko Sakkwato ko Bauci yana ƙarƙashin dokokin gwamnatin mulkin mallaka ne, kuma tsakaninsa da wanda zai saurari kukansa akwai dagaci, da hakimi, da Di'o, da tafinta, da marubucin wasiƙa na bakin kasuwa wanda shi ma sai an biya shi.

Dattawan da muka zauna da su sun gaya mana yadda ranar sallama take. Mutum ya shekara biyu ko uku bai ga iyalinsa ba, ga jirgin ƙasa yana jira, sai a tambaye shi ta bakin tafinta ko akwai inda ke yi masa ciwo. Kowa ya san cewa wanda ya ce akwai, asibiti za a tsare shi, abokansa su tafi su bar shi. Ga kuma kunya irin tamu, namiji ba ya cewa wayyo a gaban maza. Sai ya ce lafiya lau, ya dangwala babban yatsa, ya ɗauki akwatinsa. Wannan dangwale shi ne ya zama shaida a kansa bayan shekara goma ko ashirin, lokacin da ciwon ya tashi. Abin da ke rubuce a littafin maigadinmu ke nan: an sallame shi da ƙoshin lafiya, halinsa kuma nagari ne ƙwarai. Ƙarfen da ke cikin cinyarsa, wanda muka taɓa da hannunmu, babu inda aka ambace shi.

Kuɗin sallama ma ba a raba shi daidai ba. A 2019 'yan jarida suka tono wata takardar gwamnatin Ingila ta 1945 game da sojojin Gabashin Afirka, wadda ta nuna cewa farabiti farar fata yana samun sule 10 a kan kowane wata da ya yi yana aiki, baƙar fata mai wannan muƙami kuwa sule 3 da sisi. Takardar ba ta rundunarmu ba ce, amma ta nuna mizanin da ake auna ran Bature da na ɗan Afirka da shi a wancan zamani.

Ba za mu ce ba a yi komai ba, domin ƙin faɗin alheri shi ma zalunci ne. A 1945 an yi dokar da ta tilasta wa ma'aikatu su ɗauki tsofaffin sojoji aiki, kuma ta wannan hanya da yawa suka zama 'yan doka da dogarai da masinjoji da direbobi da masu gadi. Asibitin ƙashi na Igbobi da ke Legas ya samo asali ne daga sansanin jinyar waɗanda yaƙin ya raunata. A 1946 aka kafa ƙungiyar jin daɗin tsofaffin sojoji, wadda Ƙungiyar 'Yan Mazan Jiya ta Nijeriya, wato Lijiyon, ta gaje ta a 1964. Malam Sa'adu Zungur ya yi musu waƙar Maraba da Soja. Sai dai aikin ya fi samuwa ga mai lafiya da wanda ya iya ɗan karatu, kuma ofisoshin suna birni. Naƙasasshen da ya koma ƙauye ya koma ne ga 'yan'uwansa, su suka yi masa noma, su suka yi jinyarsa. Fanshon da gwamnati ba ta biya ba, matan aure da ƙannen waɗannan mutane ne suka biya shi da guminsu, kuma babu littafin da ya rubuta sunayensu.

A wasu ƙasashen maganar ba ta tsaya a wasiƙa ba. Ranar 28 ga Fabrairu 1948 tsofaffin sojojin ƙasar da yanzu ake kira Gana suka yi jerin gwano a birnin Ankara za su miƙa wa Gwamna takardar koke a kan haƙƙoƙinsu. Baturen 'yan sanda ya buɗe wuta ya kashe uku daga cikinsu: Saje Adjetey, da Kofur Attipoe, da Farabiti Odartey Lamptey. Tarzomar da ta biyo baya ita ce ta girgiza mulkin Ingilishi a can, kuma shekara tara bayan haka ƙasar ta sami 'yanci. A ɓangaren Faransa abin ya fi muni. Ranar 1 ga Disamba 1944, a sansanin Thiaroye kusa da Dakar, sojojin Faransa suka harbe sojojin Afirka waɗanda suka dawo daga zaman fursuna a hannun Jamus, don kawai sun nemi a biya su bashin albashinsu. Rahoton hukuma na lokacin ya ce mutum 35 suka mutu, masana tarihi da dama kuwa suna ganin adadin ya ninka haka sau da yawa. Sai a 2024 shugaban Faransa ya yarda a rubuce cewa kisan kiyashi ne.

Labarin Faransa ya shafe mu kai tsaye, domin 'yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram da Tawa suna cikin waɗanda ta ɗiba, kuma darasin ɗaukaka ƙara yana cikinsa. A ƙarshen 1959, ana gab da ba ƙasashen 'yanci, Faransa ta yi doka ta daskarar da fanshon tsofaffin sojojinta na ƙasashen da ta mallaka. Na Bafaranshe yana hawa duk lokacin da tsadar rayuwa ta hau, na ɗan Afirka yana nan inda aka bar shi, har ya zamana mutum biyu da suka rasa ƙafa a rami ɗaya, ɗaya yana karɓar ninkin-ba-ninkin abin da ɗayan ke karɓa. Tsofaffin sojojin Senegal su 743 suka kai kuka gaban kwamitin kare haƙƙin ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya, wanda ya ba su gaskiya a 1989. Faransa ta yi kunnen uwar shegu. Sai wani tsohon saje mai suna Amadou Diop ya shigar da ƙara a kotunan Faransa kanta, aka yi ta hawa da sauka, har ranar 30 ga Nuwamba 2001 babbar kotun da ke shari'a tsakanin gwamnati da jama'a ta yanke cewa wannan bambanci wariya ce da doka ba ta yarda da ita ba. Shi Diop bai rayu ya ji hukuncin ba. Duk da haka gwamnati ta ci gaba da jan ƙafa: a 2007 aka daidaita fanshon naƙasa, a 2010 kotun tsarin mulki ta soke ragowar bambancin, sabon tsari ya fara aiki a farkon 2011, kuma wani ɓangare nasa sai wanda ya rubuta ya nema. Shekara hamsin da ɗoriya ke nan. Mafi yawan masu haƙƙin suna kabari.

Abin da muka lura da shi a wannan shari'a shi ne, waɗanda suka yi nasara ba su fi maigadinmu gaskiya ba. Sun fi shi takarda, sun fi shi ƙungiya, sun kuma sami lauyoyi da 'ya'ya masu ilimi da suka riƙe maganar bayan iyayen sun kwanta dama. Ita Ingila har yau ba ta biya bambancin kuɗin sallamar nan ba. Abin da ta yi a 2018 shi ne ware fam miliyan 11.8 don tallafa wa tsofaffin sojoji da matan mamata fiye da 7,000 a ƙasashen da ta taɓa mallaka, gwargwadon abin da zai ba su abinci sau biyu a rana. Sadaka ce, kuma mai yunwa ba ya raina ta, amma sadaka daban, haƙƙi daban.

Da a ce Bature ne kaɗai ya yi wannan, da mun ce ai baƙo ne. To ga namu na gida. Yaƙin basasa ya fara a Yuli 1967 ya ƙare ranar 15 ga Janairu 1970, kuma a cikin waɗannan watanni talatin sojan Nijeriya ya tashi daga kimanin 10,000 zuwa kimanin 250,000. Muna 'yan yara muka ga yayyenmu suna hawa motocin ɗibar soja, har da wasu 'yan Bama da aka sake kira saboda sun san aiki. Horon 'yan makonni aka yi wa da yawansu aka tura su bakin daga, kuma rajistar da aka yi cikin irin wannan gaggawa ba ta rasa kurakurai: suna ya sauya, shekarar haihuwa ƙiyasi ce, lamba ta ɓace. Bayan yaƙi aka kai masu raunuka cibiyar Oshodi da wasu wurare don koyon sana'a, aka kuma yi ta rage yawan soja a shekarun 1970. Wanda kwamitin likitoci ya sallama da shaidar naƙasa yana da madafa. Wanda aka sallama kawai, bai cika shekarun da doka ta gindaya don fansho ba, shi ne ya shiga irin halin da 'yan Bama suka shiga. A 1979 aka yi dokar fanshon soja, a 2004 aka sa su cikin tsarin fanshon adashi tare da sauran ma'aikata, a 2011 aka sake fitar da su. Waɗanda suka zauna Abuja a farkon shekarun 2000 sun ga tsofaffin sojoji suna kwana a gefen titi a kan kwali, suna jiran tantancewa da biyan bashin fansho. A ɗaya ɓangaren kuma, naƙasassun sojojin Biyafara da aka tara a Oji River sun shafe shekaru suna bara a bakin hanyar Inugu zuwa Anaca. Yaƙin ya raba su, keken guragu ya haɗa su.

Mun taɓa raka wani ɗan garin nan, wanda ya bar hannunsa na dama a yaƙin basasa, zuwa wani ofishi don tantancewa. Kwana uku muka yi. A takardar sallama an rubuta sunansa da sunan mahaifinsa, a katin banki kuma da sunan garinmu, kamar yadda aka saba yi mana a makarantun da. Ma'aikacin ya ce mutum biyu ne. Mutumin ya ɗaga dungulmin hannunsa ya ce to wane ne daga cikin biyun ya ba da wannan. Sai da muka koma muka yi rantsuwa a kotu, muka karɓo takarda daga hakimi, sa'an nan aka saurare shi. Ba mu ga laifin tantancewa ba, domin sojojin gona da sunayen bogi sun cinye kuɗin masu haƙƙi ba kaɗan ba. Amma da ba a sami mai karatu ya bi shi ba, da ya dawo gida ya ce haka Allah Ya so, alhali kuwa abin da ya tsaya masa bai wuce takarda guda ba.

Kada mu ɗauka wannan tarihi ya rufe. 'Ya'yanmu sun je Laberiya da Saliyo a shekarun 1990, kuma tun 2009 suke yaƙi a Barno da Yobe, ga kuma dazuzzukan Arewa maso Yamma. Kowace shekara ranar 15 ga Janairu manyan ƙasa suna ajiye furanni, a saki tattabaru, a sayar da bajen tunawa. Washegari sai matar mamaci ta ɗauki fayil ta shiga mota. Firgicin da muka yi wa maigadinmu dariya a kansa yanzu likitoci sun san shi, suna da suna da magani dominsa, amma har yau a garinmu idan saurayi ya dawo daga daga ba ya barci, ba ya son hayaniya, sai a ce shaye-shaye ya koya.

Saboda haka muna miƙa roƙo ga shugabannin ƙungiyarmu da ku 'yan'uwa da Allah Ya ɗaukaka a birane. A cikinku akwai lauyoyi da likitoci da hafsoshin soja masu ci da masu ritaya, da ma'aikatan da suka san ƙofar da ake ƙwanƙwasawa. Muna so a buɗe rajista ta dukan wanda ya taɓa sa kaki daga garin nan da ƙauyukansa, tun daga 'yan Habasha da Bama har zuwa na yau: sunansa kamar yadda yake a takardar soja, lambarsa, rundunarsa, shekarar shiga da ta fita, irin raunin da ya samu, da wanda ya bari. Mu da wasu tsofaffin malamai mun fara, kuma abin da muka gani ya tayar mana da hankali, domin gara ta ci wasu littattafan sallamar, wasu an naɗe ƙosai da su, lambobin girma kuwa yara sun yi wasa da su sun ɓatar. Na 'yan Bama yanzu don tarihi muke nema, tun da masu su sun riga mu gidan gaskiya. Amma na yaƙin basasa da na bayansa akwai waɗanda ke raye, akwai matan da ke da haƙƙi ba su sani ba, kuma kowace shekara shaidun da za su iya cewa tare muka yi suna raguwa.

Duk wanda zai zo gida hutun Babbar Sallah, ya tambayi tsofaffin gidansu, ya duba cikin adaka da tsofaffin akwatunan ƙarfe. Abin da aka samu kada a ba da na asali ga kowa, a ɗauki hotonsa a kawo wa sakataren ƙungiya a ranar taron shekara. Gwangwanin maigadinmu yana hannunmu har yanzu, da kwafin wasiƙu biyun da muka rubuta masa, kuma da lambarsa za mu buɗe shafin farko.